Wasiƙa ga matasan da ke son zama koci

Ƙannena da 'ya'yana.

Na lura da yawanku da zarar gwiwa ta fara ciwo, ko an gama zaɓen 'yan wasa ba a kira sunansu ba, sai su ce to shi ke nan, koci za su zama. Babu laifi a cikin hakan. Amma kafin ku rataya usur a wuya, ku ba ni aron kunnenku in ba ku labarin wani mai horarwa a wasan da ba mu saba da shi ba, wato besbol, wasan Amurkawa da ake jefo ƙwallo a maka mata kulki, sannan a zagaye sansanoni huɗu da gudu. Ba sai kun san dokokinsa ba.

Sunan mutumin Mike Martin. An haife shi a 1944, ya buga wa Jami'ar Jihar Fulorida wasa a tsakiyar shekarun 1960, ya ɗan taɓa a ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru, amma bai kai babbar gasa ba. Sai ya koma garin Tallahassee, inda jami'ar take, yana koyarwa a makarantu, har ƙwallon kwando ya horar. A 1975 jami'ar da ya baro ta ɗauke shi mataimaki. Shekara biyar ya yi yana bin umarnin wasu, da farko Woody Woodward, sannan Dick Howser. Sai da ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke Howser, aka damƙa wa Martin ragama a kakar 1980. Wannan shekara biyar ɗin ita ce yawancinku ba ku son ji. Kowa so yake ya fara da zama oga, ba wanda ke son ɗaukar jakar ƙwallaye da riƙe littafin lissafi a bayan wani.

Daga 1980 bai bar kujerar ba sai 2019, kaka 40 cif. Ya ci wasa 2,029, abin da babu kocin besbol na jami'a da ya taɓa kaiwa. Babu kakar da ya ci ƙasa da wasa 40, babu kuma shekarar da ƙungiyarsa ta rasa gurbi a gasar ƙasa. Sau 17 ya kai yaransa Omaha ta jihar Nebraska, inda tun 1950 ake yin zagayen ƙarshe, ƙungiya takwas kaɗai ke isa can. Kuma ko sau ɗaya bai ɗauki kofin ba.

Ku sake karanta wannan. Sau 17. A 1986 ya kai wasan ƙarshe, Arizona ta doke shi. A 1999 ya sake kaiwa, maƙwabtansa kuma abokan hamayyarsa na Miami suka ci shi 6 da 5, tazarar maki ɗaya tak. Mukan ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. To ga wanda ya shekara 40 yana iza wuta, romon da yake nema bai samu ba.

Ba zan yaudare ku in ce kofi ba komai ba ne. Martin ya so shi, masu sukarsa kuma suna da abin faɗa. Augie Garrido, wanda Martin ya wuce shi a yawan nasara a 2018, ya ɗauki kofin sau biyar, uku a Fullerton ta Kalifoniya, biyu a Texas. Idan aka ce wa ya fi iya gasar kwana goma, Garrido ne, ba gardama. Sai dai ku duba lissafin da kyau. Martin ya sha kashi sau 736, wato sama da wasa ɗaya cikin kowane huɗu, duk da cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa ci. Haka besbol yake, ƙungiyar da ta fi ƙarfi ma faɗuwa take yi a kai a kai. A shekarar 1999 kuwa wasa ɗaya ne ke raba gardama. Mai jefa ƙwallonka ya tashi da ciwon kafaɗa, ko iska ta kaɗa ƙwallo ɗaya, aikin wata biyar ya tafi. Wanda ya ɗora ƙimar kansa a kan irin wannan yini guda, ba zai kai shekara goma a aikin ba, balle 40.

Abin da ke hannun koci yana can inda ba 'yan kallo. Ga misali. Tsawon shekaru, har zuwa 2025, dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta yarda a ba ƙungiyar besbol fiye da gurbin tallafin karatu 11.7 ba, alhali yaran sun haura 30. Saboda haka a lokacin sai koci ya zauna da biro da takarda yana gutsuttsura: wannan rabi, wancan rubu'i, wani kuma ba ko sisi. Daga nan ya shiga mota ya je falon iyayen yaro ɗan shekara 17, ya zauna a gaban uban, ya ce masa rubu'in kuɗin makaranta zan iya, sauran naku ne. A nan ake gane mutum. Wani zai cika baki da alkawari don ya samu sa hannu, shekara ta zagayo ya janye. Magana kuwa tana yawo a tsakanin iyaye, kuma wanda ya yi ƙarya a gida ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar unguwa duka. Bayan duk wannan wahala, manyan ƙungiyoyi na iya zuwa su zaɓe yaron tun daga sakandare, su ajiye masa kuɗi, bai ma taka jami'ar ba. Wanda ya zo ɗin kuma, in ya yi fice, shekara uku ya yi gaba. Kullum cikin ginin sabuwar ƙungiya kake.

Sai kuma ido. Wani yaro mai suna Buster Posey ya shigo ƙungiyar Martin yana tsaron tsakiyar fili, kuma ya iya. A shekararsa ta biyu aka ce ya sa sulke da abin kare fuska, ya tsuguna bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, matsayin da ya fi kowanne cin gwiwa da yatsu. Yaron da ke haskakawa a inda yake, ka ce masa ya koma koyon aiki daga farko, sai in ya amince da kai. A 2008 shi ne na biyar da manyan ƙungiyoyi suka zaɓa a duk ƙasar, ya kuma ɗauki kofin ƙwararru sau uku da San Francisco Giants, a 2010 da 2012 da 2014, duk a wannan matsayi na tsuguno. Ku da ke horar da yara a filin unguwa, nawa ne a cikinku ke iya ce wa mai son cin ƙwallo ya koma baya, ya kuma yarda?

Wani abu a gefe, don na san halin da aljihu ke ciki. Rod Dedeaux, wanda ya ci kofin sau biyar a jere da Jami'ar Kudancin Kalifoniya daga 1970 zuwa 1974, kamfanin manyan motocin dakon kaya ne ya riƙa ciyar da shi. Ku riƙe sana'arku. Kocin da ba shi da abin yi sai usur, shi ne ke fara kallon yaro a matsayin haja, ya rage masa shekaru a takarda, ya karɓi na goro a hannun uba kafin ya sa shi a wasa.

Kada kuma ku ɗauka kowace hukuma za ta yi muku haƙurin da Fulorida ta yi wa Martin. Ta sa wa filin wasanta sunansa tun yana kan aiki, ta bar shi ya sauka a lokacin da ya zaɓa. Da ya tafi, ɗansa na cikinsa, Mike Martin ƙarami, wanda ya daɗe yana mataimakinsa, shi ya gaje shi. Kaka uku ya yi, a 2022 aka sallame shi, uban yana raye. Jami'a ɗaya ce, fili ɗaya, suna ɗaya. Saboda haka duk wanda aka kira shi aiki a cikinku, ya nemi yarjejeniya a rubuce, ya karanta sharaɗin sallama kafin ya duba adadin albashi, ya kuma ajiye kwafinsa a gida.

Allah ya yi muku albarka. Wassalam.

Naku,
wani yayanku mai son wasa