Mawaƙi Tsakanin Na'ura da Dandali

A ƙasarmu ta Gozaki kiɗa yana tafiya ne tare da shekarar manomi. Da damina akwai gangar noma wurin gayya. Da kaka kuwa, in an girbe masara da dawa an sayar da auduga, sai bukukuwan aure da wasannin samari su kankama. Nufina a nan shi ne in nuna wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu yadda hanyar zama mawaƙi ta juya, tun da kiɗan na'ura ya shigo cikin waɗannan tarurruka.

A da, dandali shi ne makarantar mawaƙi. Mu ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin 1923, ya zauna a Bakori da Funtuwa, ya rasu cikin 1999. A gaban jama'a ya fara waƙa tun yana saurayi, a gaban jama'a kuma ya gwanance. Masu kalangu na bayansa, 'yan amshi na gefe, shi kuwa idonsa na kan taro. In wani babban mutum ya iso, nan take zai sa shi cikin waƙa. In ya ga mutane sun yi sanyi, sai a sake kiɗa. Watau sai da fili ya yarda da shi tukuna rediyo da faifai suka ɗauki muryarsa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988.

Yau abin ya koma a baibai. Tun cikin shekarun 1990 masu shirya finafinan Hausa a Kano suka rungumi fiyano irin na Yamaha, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya sa wannan sauti ya shiga ko'ina. A cikin akwatin nan an ajiye amon ganga da sarewa da sauran kayan kiɗa. Mutum ɗaya zai zauna a ɗaki, ya tsayar da saurin kiɗan, ya ɗora wani sauti bisa wani, sa'an nan mawaƙi ya zo ya sa murya. Inda muryar ta kauce, kwamfuta ta gyara. Kafin mako ya zagayo waƙar ta shiga wayoyi, masu tura waƙa a kasuwar Funtuwa sun zuba wa mutanen ƙauye. Sai bayan an san waƙar ne ake neman mai ita ya zo fili.

Wannan hanya tana da amfani, ban musa ba. Yaron da ubansa ba makaɗi ba ne, ba shi da kuɗin ciyar da makaɗa shida, yanzu yana iya gwada sa'arsa. Ga Dauda Kahutu Rarara nan, mutumin ƙasar Danja, maƙwabtanmu: a situdiyo ake haɗa masa kiɗa, amma manyan tarurrukan siyasa na 2015 su ne suka kai sunansa kowane lungu.

Akwai wani misali daga Nijar da ya fi ba ni mamaki. Mamman Sani ya sayo molon lantarki mai kama da fiyano daga Turai cikin 1974, ya ɗauki kaset ɗinsa cikin 1978. Shekara da shekaru gidan rediyo da talabijin suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane suna ji, da yawa ba su san mai shi ba. Sai cikin 2013, da kamfanin Sahel Sounds ya sāke fitar da kaset ɗin, aka shiga gayyatarsa wasa a Turai. Shekara 35 ke nan tsakani! Na'ura ta adana masa aikinsa, amma fuskarsa sai da taro ya gan ta.

Turawa ma haka abin yake gare su. A ƙasar Beljiyam ana yin wani biki a fili mai suna Tomorrowland tun 2005, inda mutane kimanin 400,000 ke taruwa cikin mako biyu don rawa da kiɗan na'ura. Mai haɗa kiɗan yakan yi aikinsa shi kaɗai a ɗaki, amma darajarsa ba ta tashi sai ya tsaya gaban wannan taro ya iya riƙe shi.

To, a nan ne nake ganin namu sukan yi sake. Sau da yawa a wurin biki za a kunna waƙar a lasifika, mawaƙi ya riƙe makirifo yana motsa baki kawai. In janareta ya mutu, sai a ga ya tsaya yana 'yan kame-kame, alhali mai kalangu ba ruwansa da fetur. Abokaina da ke rubuta waƙa a bayan littafin lissafi (suna nan da yawa a ɗakin kwananmu, ba zan faɗi suna ba) duk maganarsu kuɗin situdiyo ce. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce zai tsaya gaban 'yan makaranta ran Asabar da dare ya rera da muryarsa tsura ba, ga shi kuwa filin kyauta ne.

Iyayenmu su ma da hannunsu a ciki. Mai aurar da 'ya yakan ga ɗauko mai lasifika da janareta ya fi sauƙi bisa ga kiran makaɗa da ciyar da su. Gaskiya ne ya fi araha. Sai dai makaɗan garinmu da suka rage duk sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma acaɓa da aikin gona. A bikin da aka yi a unguwarmu da kakar bara, tsoho ɗaya ne ya zo da kalangu, shi ma sai da mai lasifika ya tafi cin abinci aka ji shi.