Yadda Ake Zaɓen Kayan Ɗaukar Hoton Zoben Aure da Gwal a Maiduguri ba Tare da Kashe Kuɗi Mai Yawa ba

A bukukuwan aure na Maiduguri, inda gidajen Kanuri da yawa ke biyan sadaki da sulallan zinariya, kuma ake baje zobba da sarƙoƙi da 'yan kunne a cikin kayan lefe, ana sa ran mai hoto ya fito da zanen da maƙeri ya yi a jikin gwal kamar yadda yake fito da fuskar amarya a daren wushe-wushe. Wannan fanni shi ake kira hoton makro, wato ɗaukar ƙaramin abu daga kusa har ya cika hoto, kuma ana iya haɗa kayansa mataki-mataki gwargwadon ƙarfin aljihu.

Matakin farko shi ne sanin girman da ake buƙata. Ana auna ƙarfin makro da kwatanta girman abu a zahiri da girman surarsa a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Idan girman biyu ya zo daidai sai a ce 1:1, idan surar rabi ce sai a ce 1:2. Faɗin sensar ƙananan kyamarorin Canon da Nikon, waɗanda ake kira APS-C, yana tsakanin milimita 22 da 24, shi kuwa zoben yatsa faɗinsa kusan milimita 20 ne, don haka a 1:1 tsayin hoton, wanda bai kai faɗinsa ba, ba zai ɗauke shi duka ba. Ma'aunin 1:2 ya wadatar da yawancin aikin biki, domin yana barin wuri ga lallen hannun amarya ko ƙyallen da aka ɗora zoben a kai.

Mataki na biyu shi ne duba abin da ke hannu kafin a sayi sabo. Wanda yake da idon kyamara, wato lens, mai tsawon milimita 50 yana iya mayar da shi na makro ta hanyar bututun tazara, wanda ba shi da gilashi a ciki, aikinsa kawai nisanta idon daga sensa domin ya iya gani daga kusa. Ana sayar da shi uku-uku, kamar na kamfanin Kenko mai milimita 12 da 20 da 36, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: a raba tsawon bututun da tsawon idon, sai a sami ƙarin girman, ta yadda bututun milimita 25 a bayan ido mai 50 ke ƙara rabin girma. Wajibi ne a zaɓi mai ƙananan ƙarafan sadarwa a jikinsa, domin in babu su kyamara ba za ta iya sarrafa ƙofar hasken sababbin idanu ba. Hanya ta biyu ita ce gilashin kusantowa da ake maƙalawa a gaban ido, irin su Raynox DCR-150 da DCR-250, waɗanda suka fi aiki a kan ido mai tsawo, kuma suna da wata fa'ida a lokacin hunturu: ba sai an cire ido daga kyamara ba, balle ƙurar da ke cika garin daga Disamba zuwa Fabrairu ta sauka a kan sensa.

Mataki na uku, wanda ya dace da wanda aikin biki ya zauna masa, shi ne sayen idon makro na hannu. Daga cikin waɗanda suka daɗe a kasuwa akwai Canon EF-S 60mm f/2.8, da Nikon 40mm f/2.8G, da Tamron 90mm f/2.8, da Tokina 100mm f/2.8, kuma dukansu suna kai 1:1. Masu tsawon 90 zuwa 100 sun fi dacewa da gwal, saboda suna barin tazara tsakanin kyamara da zobe, hasken fitila ya sami hanyar shiga, surar mai hoto kuma ba ta cika bayyana a jikin ƙarfen ba. Ban da haka, suna kyau wajen ɗaukar fuska, don haka kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu. Tun da yawancin irin waɗannan kaya daga Legas ko Kano ake aiko su, ya kamata a yi sharaɗin gwaji kafin a kammala biya: a haska tocila ta cikin gilashin a duba ƙarzuwa ko hazo ko zaren fumfuna, a tabbata ƙofar haske tana buɗewa tana rufewa ba tare da maiƙo ba, sannan a ɗaura shi a kyamarar da za a yi aiki da ita.

Mataki na huɗu shi ne haske da matsayi, kuma a nan ne hoto ke gyaruwa ko ya lalace. A 1:1, da ƙofar haske a f/8, zurfin wurin da ke fitowa sarai bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa ake matse ƙofar zuwa f/11 ko f/16, wanda ke rage hasken da ke shiga, ya kuma tilasta amfani da sanda mai ƙafa uku. Gwal yana mayar da haske kamar madubi, don haka filasha ta kai tsaye tana barin farin tabo a jikinsa. Maganin wannan shi ne a ratsa hasken ta farin ƙyalle ko farar takarda, a ajiye wata takardar a ɗaya gefen ta cike inuwa. Ƙaramar fitilar LED mai caji ta fi dacewa da garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, inuwar zaure ko bakin taga da hantsi kuwa kyauta ce.

Wajen ɗauka, ana goge zoben da ƙyalle mai laushi, a tsayar da shi da ɗan danƙo a ɓoye, a kashe saitin kai-da-kai a saita da hannu a kan dutsen ko zanen da ke gaba, sannan a sa ƙidayar daƙiƙa biyu domin kada taɓa maɓalli ya girgiza kyamara. Ya dace kuma a karɓi gwal a gaban wani ɗan gidan, a mayar a gabansa.

A taƙaice, tsarin saye mafi dacewa shi ne a fara da sanda da fitila, a bi da bututu ko gilashin kusantowa, a bar idon makro sai kuɗin aiki ya saye shi.