Dutse da Ruwa a Cikin Aikatau

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga wani darasi da na samo a wajen aji.

A hutun da ya wuce na tashi daga gidanmu a Zabi na tafi Samaru gai da kawuna, wanda ya yi karatu a Rasha tun kafin Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. Muna cikin hira sai ya ce, "Ɗana, ka karanta littafin jarrabawarku?" Na ce, "Na karanta, Kawu," alhali ko rabi ban kai ba. Ya yi murmushi ya ce da Rashanci muke yi da ban sami wurin ɓuya ba.

Dalili kuwa, yawancin aikatau na Rashanci tagwaye ne. Ɗaya na nuna aikin da aka taɓa ko ake cikin yi, ɗayan kuwa aikin da aka kai ƙarshensa. Wanda ya ce "cital" ya dai yi karatu. Wanda ya ce "procital" ya kai bango. Haka nan a jarrabawa, "sdaval" shi ne ya zauna ya rubuta, "sdal" kuwa ya ci. Dole mai magana ya zaɓi ɗaya.

Da muka koma makaranta na kai wa malaminmu na Hausa zancen. Ya ce a 2004 wata masaniyar harsuna mai suna Laura Janda ta bayyana wannan tsari ta hanyar siffantawa, wato a kira abu da sunan wani abu don a gane shi. A ganinta, kammalallen aiki dutse ne, wanda bai kammala ba kuwa ruwa ne.

Na yi ta juya maganar har ranar da aka aike ni kasuwar Sabon Gari. Nan na ga doya ƙirga ta ake yi, man gyaɗa kuwa sai awo. Dutse yana da gefe da iyaka, kuma biyu ba sa zama a gurbi ɗaya, sai dai a jera su. Shi ya sa a labari kammalallun ayyuka ke bin juna: ya shigo, ya zauna, ya gaisa. Ruwa kuwa ba shi da gefe, malala yake yi kamar Kubanni da damina, ana kuma iya jefa dutse cikinsa. In na ce, "Ina karatu sai aka ɗauke wuta," karatun shi ne ruwan, ɗauke wutar shi ne dutsen.

Ashe mu ma muna da irin wannan. "Ina ci" ruwa ne, "na ci" dutse ne. Wanda yake son ya nuna bai rage kome ba sai ya ce "na cinye", "na shanye", "na karance". Ka ga ke nan "na karance" ce kalmar da na kasa faɗa wa Kawu.

To, jarrabawa ta matso, kuma mai duba takarda duwatsu yake ƙirgawa. Kowa ya tambayi kansa: littattafan nan karantawa nake yi, ko na karance? Iyaye ma, in za ku tambaye mu, ku tambaya da kalma ta biyun. Ni dai na koma Samaru ranar Asabar na ce wa Kawu, "Procital." Allah Ya ba mu sa'a, amin.