Dogo da Gajere a Fage: Daga Gidan Dambe zuwa Ƙwallon Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama cikin masu sha'awar dambe a unguwannin Hausawa na Legas, kamar Idi-Araba da ke Mushin ko kuwa Agege, ya san irin gardamar da kan tashi da zarar an ce dogo zai sa zare da gajere. Wasu su ce magana ta ƙare, ai hannun dogon zai riga isa. Wasu su ce a dai bari a gani, gajere ba yaro ba ne. Wannan muƙala za ta ɗauki gardamar nan ta bi ta har zuwa wani wasa da ke nesa da mu, wato ƙwallon Amurka, inda aka daɗe ana auna 'yan wasa ana rubutawa. Tambayar ita ce, shin gajarta tana hana ɗan wasan da ke jagorantar hari, wanda suke kira kwatabak, kaiwa ga nasara? Ɗalibin harshe yana da rabo a nan, domin wani ɓangare na gardamar a kan kalmomi yake.

Kalmar "dogo" a bakin 'yan dambe

Bahaushe da kalma ɗaya yake siffanta abin da ya miƙe sama da abin da ya miƙe gaba. Yakan ce dogon mutum, doguwar igiya, doguwar tafiya. Saboda haka idan aka yi wa ɗan dambe laƙabi da Dogo, kamar Dogo Mai Takwasara, laƙabin ya haɗe abu biyu da ya kamata mai nazari ya raba: tsayin jiki da tsawon hannu. Laƙabin na jinsin Bahago ne, wato yana bayyana halittar mutum, saɓanin Shagon wane ko Autan wane da ke nuna gidan da ɗan wasa ya fito. (A yi hattara wajen rubutu: a ce "tsawon hannunsa", domin "yana da dogon hannu" wani zance ne daban, mai kai mutum gaban alƙali.)

To, wanne daga cikin biyun yake aiki a fage? Idan muka lura da tsayuwar ɗan dambe, za mu ga yakan buɗe ƙafafu, ya ɗan rusuna, ya miƙa hannun kariya gaba, ya ja wanda aka ɗaure da kara baya. Ke nan dogon ma rage tsayinsa yake yi da kansa kafin ya kai naushi. Abin da yake mora shi ne tazara, ya taɓa ba a taɓa shi ba. Shi kuwa gajere dabararsa ita ce ya karya wannan tazara, ya kutsa ciki, inda hannun dogo ba ya samun wurin miƙewa. Da yake kisa a dambe shi ne mutum ya kai ƙasa, wanda ya fi kusa da ƙasar ya fi wuyar girgizawa, abin da 'yan kokawa ma suka sani. A al'adar gidan dambe ido ne ma'auni. Ba a raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa nauyi sai da masu shirya gasa na zamani suka shigo da wannan tsari.

Wane ne kwatabak?

A ƙwallon Amurka kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Masu hari suna da dama 4 su ci gaba da yadi 10, in suka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A farkon kowane hari akan miƙo ƙwallon baya ga mutum ɗaya, shi ne zai yanke shawara ya jefa wa mai cafewa, ko ya danƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Yawanci ba ya samun fiye da daƙiƙa 3 kafin a cim masa.

Da wane suna za mu kira shi da Hausa? "Majefi" ya kama rabin aikin ne kawai. A ganina "madugu" ya fi dacewa, kuma mutanen Agege, waɗanda fataucin goro ya kawo kakannin da yawa daga cikinsu, ba sa buƙatar a yi musu bayanin kalmar. Madugu shi ke karanta hanya, shi ke cewa a tashi ko a tsaya, kuma in ayari ya faɗa rami shi ake tuhuma. Da wannan suna za mu ci gaba.

A gaban madugu akwai ƙarti 5 da ke tare masa maƙiya, mu kira su 'yan katanga. Galibinsu sun haura ƙafa 6 da inci 3, nauyinsu kuma ya kai kilo 140, ga hular kwano a ka. Daga nan hujjar masu fifita dogo ta samo asali. Suka ce gajere ba zai hangi abin da ke bayan katanga ba, kuma in ya jefa, ƙwallonsa za ta taso daga ƙasa, mai tsaron baya ya ɗaga hannu ya kaɗe ta. Hujja ce mai ƙwari, kuma manyan madugai irin su Tom Brady, mai ƙafa 6 da inci 4, da Peyton Manning, mai ƙafa 6 da inci 5, sun ƙara mata nauyi.

Abin da tarihi ya nuna

Ƙungiyoyi 32 na gasar NFL sukan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i kowace shekara, bi da bi, cikin zagaye 7. Kafin zaɓen akan tara samarin a birnin Indianapolis a auna su, har kashi ɗaya cikin takwas na inci ba a bari. A wannan zaɓe ne ake ganin darajar da aka ba tsayi ƙarara.

Alal misali, a 2012 ƙungiyar Denver ta ɗauki Brock Osweiler, mai kimanin ƙafa 6 da inci 7, a matsayi na 57. Russell Wilson kuwa, wanda bai cika ƙafa 5 da inci 11 ba, wato kusan santimita 180, sai da aka kai na 75 sannan Seattle ta ɗauke shi, alhali kowa ya ga irin wasan da ya yi a jami'ar Wisconsin. Shekara biyu bayan nan, a watan Fabrairu na 2014, Wilson ya jagoranci Seattle ta lallasa Denver ɗin da ci 43 da 8 a wasan ƙarshe na Super Bowl, kuma madugun da ya kayar a ranar shi ne Peyton Manning. Osweiler ya samu kwantiragin dala miliyan 72 a Houston a 2016, amma shekara ɗaya kawai ya yi suka rabu da shi. Kafin su an ga irin haka a 1991, lokacin da Seattle ta ɗauki Dan McGwire mai ƙafa 6 da inci 8 a matsayi na 16. Bai taka wata rawar a zo a gani ba, yayin da Brett Favre, wanda aka ɗauka na 33 a wannan shekara, ya zama gwarzon gasar sau 3.

Sai Drew Brees, mai ƙafa 6 daidai, wanda a wannan fage gajere ne. An bar shi har zagaye na biyu a 2001. Ya ci Super Bowl da New Orleans a 2010, ya kuma yi ritaya a 2021 da jifan da ya kai yadi 80,358, adadin da a lokacin babu wanda ya kai. Yaya ya yi da katanga? Amsar ita ce, ko mai ƙafa 6 da inci 4 ba ta saman kawunan ƙartin nan yake gani ba, tunda sun kai shi ko sun fi shi. Kowane madugu ta tsakankaninsu yake leƙe. Brees yakan gusa taki ɗaya hagu ko dama ya sami kafa, sannan ya jefa ƙwallon zuwa inda ya san mai cafewa zai isa, tun kafin ya isa. Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. "Hange" a karin maganar nan na sani ne, kuma irinsa ne aikin madugu ya fi buƙata.

Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Doug Flutie, mai ƙafa 5 da inci 10. Shi ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 1984, amma bai sami gindin zama a NFL ba. Ya ƙaura Kanada, inda aka zaɓe shi gwarzon gasarsu sau 6, ya ci kofinsu sau 3. Sai a 1998, yana da shekara 35, Buffalo ta dawo da shi, ya kuma taimaka mata ta kai zagayen neman kofi. Ƙuruciyarsa ta wasa dai ta tafi a waje. A nan ya kamata ɗalibi ya bambanta jimloli biyu: "gajarta ta hana shi iyawa" da "gajarta ta sa an hana shi dama". A ta farko gajarta ce mai aikatawa, a ta biyu kuwa mutane ne, sun ɓuya a cikin "an". Idan aka ce yawancin waɗanda suka ci kofi dogaye ne, gaskiya ne, sai dai yawancin waɗanda aka bari suka gwada ma dogaye ne.

Ba a nan zancen ya tsaya ba

Bayan nasarar Wilson ƙofa ta buɗe. Salon wasa ya sauya, madugu ya koma tsayawa kamar yadi 5 a bayan katanga a mafi yawan hare-hare, abin da ke faɗaɗa masa gani, dokoki kuma suka ƙara kare shi daga mugun karo. A 2019 Arizona ta ɗauki Kyler Murray a matsayi na 1, a 2023 Carolina ta yi haka da Bryce Young, kuma dukansu ƙafa 5 da inci 10 ne da ɗan ɗoriya. Murray ya zama gwarzon sababbin 'yan hari a 2019, sannan ya ji mummunan rauni a gwiwa a ƙarshen 2022. Young ya sha wuya a shekararsa ta farko, inda Carolina ta ci wasa 2 kacal cikin 17, har aka ajiye shi a benci a farkon kakar 2024 kafin ya dawo. Masu fifita dogo sun kafa hujja da wannan. Amma a tuna, ƙungiyar da ta fi kowa rauni ce a ƙa'ida ke samun zaɓin farko, ko wadda ta saye shi da tsada, kuma JaMarcus Russell mai ƙafa 6 da inci 6, wanda Oakland ta ɗauka na 1 a 2007, shekara 3 ya yi aka sallame shi.

Duk da haka ba zan ce tsayi banza ba ne. Gajeren madugu sai ya biya gibin da wani abu, ko saurin ƙafa kamar Wilson da Murray, ko saiti da saurin karanta fili kamar Brees. Dogo mai matsakaicin gwaninta yakan daɗe ana ba shi uzuri, gajere mai matsakaicin gwaninta kuwa ba ya ko shiga ƙofa. Haka abin yake a gidan dambe, gajeren da bai iya kutse ba zai sha naushi daga nesa har turmi uku su ƙare.

Wasan ya fara leƙo mu. A watan Yuni na 2024 NFL ta shirya sansanin neman 'yan wasa a nan Legas, ƙarƙashin shirin da Osi Umenyiora, ɗan asalin Nijeriya da ya ci Super Bowl sau 2 da New York Giants, yake jagoranta. Samarin Nijeriya da shirinsa ya kai Amurka, irin su Roy Mbaeteka da ya shiga Giants a 2022, ƙarti ne da aka zaɓa don girman jiki, kuma aikin katanga ko fasa ta aka koya musu, domin aikin madugu yana buƙatar wanda ya tashi cikin wasan tun yana yaro. Akwai kuma wani nau'in wasan da ba a yin karo, sai dai a fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo, wanda aka sa cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles. A nau'in da za a buga can mutum 5 ne a kowane ɓangare, kuma babu katanga a gaban madugu.