Daga Fagen Fama Zuwa Dandalin Labari: Cin Moriyar Littattafan Wasan Yaƙi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi kwas ɗin adabin baka ya san tsarin tatsuniya: mutum ɗaya ke ba da labari, saura kuwa nasu sauraro, sai dai su amsa waƙa idan an zo wurinta. To, akwai wani wasa da ya samo asali a Amurka wanda ya juya wannan tsari, domin a cikinsa masu sauraron su ne taurarin labarin. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda ya shiga rigarsa, wannan mayaƙi, wancan boka, waccan ɓarauniya. Mutum ɗaya, wanda zan kira jagora, shi yake bayyana duniyar da suke ciki, ya kuma yi magana da bakin duk wanda suka haɗu da shi. Idan ɗan wasa ya ce tauraronsa zai haura ganuwa, sai a jefa dayis, wato ƙwayar nan irin ta ludo, a ga ko ya haura ko ya faɗo. Labari ɗaya yakan ɗauki watanni ana zama mako-mako. Don sauƙin bayani, zan kira shi wasan shiga-riga.

Wannan wasa yana da wa, wato wasan yaƙin tebur, inda mutum biyu suke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji na dalma ko roba, suna auna tazara da ma'auni, kowa yana neman karya rundunar abokin karawarsa. Wannan maƙala za ta duba yadda jagora zai ɗauki littafin dokokin wan ya gina duniyar ƙanin da shi, da kuma ramin da ni kaina na faɗa a wajen yin hakan.

Asalin dangantakar

A shekarar 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Purushiya, a yankin Jamus, wani wasan taswira na horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, dokokin wasa da sojojin dalma na yara. A 1971 kuma Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, wanda ma'anar sunansa ita ce sulke. A cikinsa mutum-mutumi ɗaya yana iya wakiltar mayaƙa 20, amma akwai sashe na gaba-da-gaba, da wani ƙari mai ɗauke da dodanni da matsafa. Dave Arneson ya ɗauki wannan ya ba kowane ɗan wasa mutum ɗaya tak, daga nan shi da Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Ke nan abin da nake magana a kai ba baƙon abu ba ne, komawa gida ne.

A Ingila ma haka aka yi. Kamfanin Games Workshop ya fitar da wasan yaƙi na Warhammer a 1983, sannan na shiga-riga, Warhammer Fantasy Roleplay, a 1986, duk a duniya ɗaya. Da wannan duniya zan fi kawo misali, domin ita na fi sani.

Abin da jerin runduna yake faɗa ba da niyya ba

Yawancin jagorori idan suka buɗe littafin runduna, shafukan tarihi da hotuna suke karantawa, su tsallake jadawalin lambobi. A ganina a jadawalin nan naman yake.

Mu ɗauki littafin rundunar Daular, wato ƙasar da aka ƙaga bisa kamannin Jamus ta ƙarni na 16. Daga bugu na shida, na shekarar 2000, an raba mayaƙa gida uku: na yau da kullum, na musamman, da waɗanda ba kasafai ake samu ba. Kowanne yana da farashinsa na maki. Dakare mai riƙe da doguwar barandami bai kai maki 10 ba, babbar igwa kuwa maki 100 ce a wannan bugu. Mai wasan yaƙi yana kallon wannan ne don ya san abin da zai saya da makinsa. Jagora kuma tambaya daban ya kamata ya yi. Idan igwa ɗaya ta fi dakaru goma tsada, wa ya biya kuɗinta? Littafin ya nuna cewa birnin Nuln ya shahara wajen ƙera igwogi da horar da masu harba su. To, ta wace hanya igwar ta iso fagen fama, ta kogi ko ta tudu? Shanu nawa suka ja ta, kuma daga wane ƙauye aka ƙwato shanun? Albarushin fa, wa yake gadinsa, kuma nawa ake ba shi ya kau da kai? Kafin ka ankara, layi ɗaya na jadawali ya haifa maka ɗan kwangila, da mai kwalekwale, da manomin da aka raba da shanunsa ana tsakiyar damina. Waɗannan su ne mutanen da 'yan wasanka za su haɗu da su, ba janar ba.

Haka kuma rukunin abubuwan da ba kasafai ake samu ba, kowanne labari ne a kwance. Akwai wata motar yaƙi mai aiki da tururi, wadda littafin ya ce guda 12 kawai aka taɓa ƙerawa, 8 suka rage, kuma wanda ya ƙera su ya mutu da sirrinsa. Ina sauran huɗun? Wannan tambaya kaɗai ta ishi tebur aikin wata uku.

Wani littafin da ya fi kusa da buƙatar jagora shi ne Mordheim, na 1999, inda ƙananan ƙungiyoyi suke faɗa a kangon wani birni da tauraruwa mai wutsiya ta rugurguza. Abin da na fi so a cikinsa shi ne abin da yake biyo bayan faɗa. Ana jefa dayis biyu a kan jadawalin rauni, jarumi zai iya rasa ido, ko a kama shi, ko a yi masa fashi yana kwance, ko a sayar da shi ga masu shirya faɗan rami. Wannan jadawali ana iya ɗauke shi ɗungurungum a kai teburin shiga-riga. Frostgrave na Joseph McCullough, wanda ya fito a 2015, shi ma irin wannan amfani yake da shi.

Wa yake magana a littafin?

Malamanmu sun koya mana cewa kirarin sarki ba tarihin sarki ba ne. Littafin runduna kirari ne. An rubuta shi ne don mai karatu ya ƙaunaci rundunar har ya sayi mutum-mutuminta, saboda haka kowace runduna a littafinta ita ce gwarzuwa.

Akwai misali mai kyau. A jerin labaran shiga-riga mai suna The Enemy Within, wanda aka fara a 1986, sarki Karl Franz mutum ne mai rauni wanda fadawa suka kewaye. A littafin runduna na farkon shekarun 1990 kuwa, sai ga shi sadauki a kan wani dodo mai fukafukai. Ƙasar Bretonnia ma a 1986 ƙasa ce ta ruɓaɓɓun masu sarauta da talakawa masu yunwa, amma littafin rundunarta na 1996 ya mayar da ita ƙasar barade masu mutunci. Masoya wasan sun daɗe suna gardamar wanne ne daidai. Ni a wurina jagora ba ya buƙatar zaɓe. Ya bar littafin runduna ya zama abin da maroƙan fada suke faɗa, ɗayan kuma ya zama abin da ake raɗawa a kasuwa, 'yan wasa su gano da kansu inda gaskiya ta karkata.

Kuma kada jagora ya ɗaure kansa da abin da kamfani ya yanke. A 2015 Games Workshop ya rushe wannan duniya baki ɗaya a cikin labarinsa, ya kawo Age of Sigmar, sannan a 2024 ya dawo da ita a wani zamani na baya da sunan The Old World. Idan mai kaya zai yi haka da kayansa, ba laifi idan kai ma ka matsar da gari ɗaya daga inda taswira ta ajiye shi.

Kuskuren da na yi

Mu biyar ne muke zama ranar Asabar a ɗakin kwananmu, da wani tsohon littafin runduna da yayana ya samo a wurin masu sayar da littattafan gwanjo. Wani abokina ya yi wata shida yana wasa da wani mai kwalekwale, talaka mai bashi a wuya, wanda yake tara kuɗin fansar jirgin mahaifinsa. Irin taurarin da wasan 1986 yake so ke nan, masu kama ɓera da mabarata da 'yan tireda. Ni kuwa na ga hoton wani barde na rundunar ɓarna, ya burge ni, na mayar da lambobinsa zuwa ma'aunin wasanmu ba tare da na rage komai ba, na tsayar da shi a kan gada.

Ba a yi jifa uku ba mai kwalekwale ya mutu. Abokina ya naɗe takardar tauraronsa ya sa a aljihu, bai ce uffan ba, kuma sai da ya yi mako uku bai zo ba. Laifina ne. An ƙera barden nan ne don ya kashe dakaru da yawa a juyi ɗaya, domin a wasan yaƙi idan dakare ya faɗi hannu kawai ake sawa a ɗauke shi, ba mai tambayar sunansa. A namu teburin kuwa mutumin nan yana da suna da uwa da bashi. Da na yi tunani, da barden ya zama hayaƙin da ake hangowa daga ƙauyen gaba, da 'yan gudun hijira masu neman a tsallaka da su kogi, sai mai kwalekwale ya zaɓa tsakanin kuɗin fansa da mutanen da ba su da ko sisi. Da abokina ya dawo, da ƙanwar mamacin ya dawo, kuma bashin yana nan.

Kalmomin Hausa a littafin Turawa

Ni da ban sha Hausa a nono ba, ban taɓa tsammanin zan gamu da darasin ajinmu a irin waɗannan littattafai ba. Akwai wasan yaƙi na tarihi mai suna DBM, na Phil Barker da Richard Bodley Scott, wanda ya fito a 1993. A cikin ɗaruruwan rundunoninsa akwai ta Sudan ta Yamma, daga shekarar 1000 zuwa 1591, shekarar da Maroko ta karya Songhai a Tondibi. Sunayen mayaƙanta na Hausa ne, duk da an ɗan karkata rubutunsu: 'yan lifidi, 'yan kwarbai, 'yan baka, 'yan mashi. Mai son gina duniyar almara da ta yi kama da yankinmu zai sami mafari a nan, musamman idan ya haɗa da Tarihin Kano, wanda ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji.

Sai dai a lura, jerin ya zuba Gana ta da da Mali da Songhai da ƙasar Hausa a ƙwarya ɗaya, na tsawon kusan shekara 600, alhali Mali da Songhai ba Hausa suke ji ba. Ga mai wasan yaƙi wannan ba matsala ba ce, doki mai lifidi doki ne mai lifidi. Jagora kuwa sai ya koma laburare, domin 'yan wasansa za su sauka daga kan dokin su shiga gari, su tambayi wa ya ɗinka lifidin, audugar daga ina, kuma da wane harshe za su yi ciniki da maɗinkin.