Yadda Ake Haɗa Matacin Hasken Rana Don Kyamara Da Madubin Hangen Nesa

Ranar 29 ga Maris, 2006, an yi cikakken husufin rana a Shaki da Gusau da Katsina. Masana taurari sun lissafa cewa za a sake yin irinsa a kudancin Nijeriya ranar 20 ga Maris, 2034. Duk mai son ɗaukar hoton rana, ko duba ta da madubin hangen nesa, lalle ne ya tanadi matacin haske tukuna.

Dalili kuwa shi ne, madubi yana tara hasken rana wuri ɗaya, har ya kan ƙone takarda. Haka zai ƙone can cikin ido nan take, kuma wurin ba ya jin zafi, balle mutum ya ankara. Sau da yawa ganin ba ya dawowa.

Abin da za a nema shi ne ledar rana ta musamman, kamar Baader AstroSolar mai lamba 5.0, wadda kashi ɗaya tak cikin 100,000 na hasken ke ratsa ta. Mai lamba 3.8 ta ɗaukar hoto ce kurum, ba a duba rana da ita. Baƙin tabarau, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da hoton ƙashi na asibiti, da faifan CD, duk ba su isa su kare ido ba. Kallon rana a cikin ruwan ƙwarya ma haɗari ne.

Ga yadda ake haɗawa:

1. A yanka zobe biyu na kwali mai kauri, ramin kowanne daidai da faɗin gilashin gaba.
2. A shimfiɗa ledar tsakaninsu a manne da gam. Kada a ja ta. 'Yar tattara ba ta ɓata hoto.
3. A naɗe bakin madubin da kwali mai faɗin santimita 5, a manne shi da zoben, ya zama murfi.
4. A kafa murfin a GABAN madubin, ba wajen ido ba, sa'an nan a ɗaure da salatif don kada iska ta cire shi.
5. A rufe ƙaramin madubin saiti da ke gefe.

Kafin kowane amfani, a ɗaga matacin a gaban fitila mai haske. In an ga huda ko ƙarzuwa, a jefar da shi. Kada a bar yara su kaɗai da madubi da rana. Leda tana da kasuwa, amma ido ba shi da ita.