Mai ɗaki ce ke fara gani

A aikina na jinya, duk dattijon da aka kawo mana da gigin tsufa, in ka bi diddigi, matarsa ta daɗe da ganin alamu. 'Ya'ya sukan zo ranar Juma'a, su tarar da Baba ya sha babbar riga yana amsa gaisuwa tsaf, su tafi hankali kwance. Ita da ke kwana da tashi da shi ce ta san jiya ya yi ta tambayarta ko an yi la'asar, alhali shi ya ja su sallar.

Wata Hajiya a nan Unguwar Sanusi, maigidanta tsohon ɗan Kasuwar Barci ne, mutumin da a da ba ya buƙatar biro wajen lissafi. Sai ya fara ba da canji fiye da kuɗin da aka miƙo masa. Ya cusa kuɗin cefane cikin hula, ya manta, ya ce ita ta ɗauke, a gaban surukai. Da ta kai kuka wurin ƙannensa, aka ce jifa ne, har da masu kallonta a kaikaice. Aka yi ta hayaƙi. Sai da ya fita isha'i a masallacin layinsu ya ɓata, mai keke ya dawo da shi daga Tudun Wada, sannan aka saurare ta.

Mantuwa kowa na yi. Abin dubawa shi ne mutum ya kasa aikin da ya ƙware a kai, kalma ta riƙa ɓace masa tsakiyar magana, mai haƙuri ya koma mai zargi. Mace ma haka, miyar da ta saba tun tana amarya sai ta rikice mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce.

Amma ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, raunin ji, ko wani magani da ake sha, duk suna kawo irin haka, kuma ana magance su. Hawan jini da sukari da aka yi wa sakaci su ma suna lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali.

Hajiya, samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru da ranarsa. Kada ki yi musu da shi kan kuɗin, taya shi nema. Ki tattara duk magungunansa a leda, ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa; zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, a ranar za a kai shi asibiti mafi kusa.